Ƙannena ɗalibai, ku daina jiran ranar da za ku ji sha'awar karatu

Assalamu alaikum ƙannena, maza da mata.

Wani yaro ɗan aji shida na sakandare, wanda na san yana da ƙwaƙwalwa, ya fara ja da baya a ajina har abin ya dame ni. Na tsayar da shi bayan an tashi, na ce, "Kai kuwa me ke damunka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, wallahi karatun ne ba na jin sa." Da na matsa masa sai ya fito da abin da ke cikinsa: "Yayana ya gama digiri shekara huɗu ke nan, adaidaita sahu yake ja. To ni wahalar me zan yi?"

Na san da yawanku maganar nan ce a bakinku, ko ba ku furta ba. Kuma ba zan ce muku ƙarya kuke yi ba. A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata tara. A 2022 suka sake tafiya daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur ɗalibai na zaune a gida. Akwai makarantun da aji ɗaya ke ɗauke da yara fiye da ɗari, wasu a ƙasa suke zama, malami ɗaya na ta fama da maƙogwaro. Ga rashin wuta, ga tsadar kuɗin mota. Duk wanda ya ce waɗannan ba sa karya gwiwa, bai shiga aji da yunwa ba. Amma akwai abin da yake hannunku, kuma a kansa nake son mu tsaya.

Kuna jira ne sha'awar karatu ta zo muku tukuna, sannan ku buɗe littafi. A iya abin da na gani a aji, sha'awar a bayan aiki take zuwa. Yaro ya zauna da lissafin da ya gagare shi jiya, yau ya warware shi da kansa, sai ka ga fuskarsa ta canza, gobe shi zai fara ɗaga hannu. Daɗin "na iya" shi ne man da ke tura himma, kuma ba a samun sa sai an fara daurewa an zauna. Da hujja magabata suka ce karatu farkonka maɗaci, ƙarshenka zuma.

Ku dubi tsangaya. Ba zancen bara nake yi ba, wannan ciwo ne daban da ya kamata a magance, tsarin karatun nake so ku lura da shi. Ba wanda ke tambayar kolo ko yau yana jin karatu. Asuba ta yi, ya ɗauki allo. Malam ya ɗora masa gwargwadon abin da zai iya ɗauka, ko da aya biyu ce. Ya yi ta maimaitawa, sannan ya zo ya biya wa malam. In bai zauna ba, ba zai wanke allon ba. In ya wanke ya ci gaba, na baya ma ba a barin sa ya kwanta, kullum ana tilawa. Da wannan ɗan ɗorin na kullum ake haddace izu sittin, har gardi ya zama alaramma ya rubuta Alƙur'ani da ka. Da yayyafi kogi kan cika.

A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa game da mantuwa. Ya gano cewa mafi yawan abin da mutum zai manta, a sa'o'i da kwanakin farko yake zubewa, kuma maimaitawar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya kama ƙwaƙwalwa. Masana halayyar koyo da suka biyo baya sun ƙara da cewa rufe littafi ka gwada tuno abin da ka karanta ya fi sake bin shafin da ido amfani. Alarammominmu sun daɗe suna aiki da wannan a gindin wuta. Abin da ke ba ni takaici shi ne, yaron da ya sauke da wannan tsari, in ya shiga boko sai ya watsar da shi. Zango guda littafi na cikin jaka, sai ana saura kwana uku jarrabawa a kwana a aji da shayi da goro, ana bin shafi da ido kamar mai duba hoto. Ba a fafe gora ranar tafiya. A jarrabawar JAMB ta 2024, fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka zauna ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. Dalilan suna da yawa, amma na tabbata karatun kwana uku yana ciki.

Sai maganar harshe, wadda ba mu cika faɗa da ƙarfi ba. Da yawanmu da Hausa muke tunani, da Turanci ake koya mana. Yaro zai haddace ma'anar wani abu a kimiyya kalma bayan kalma, in ka juya tambayar kaɗan sai ya tsaya cak. Shi kuma sai ya yanke wa kansa hukunci cewa daƙiƙi ne, alhali Turancin ne ya tare masa hanya. Ga gwajin da nake ba ɗalibaina: in ka karanta yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana, je ka bayyana wa ƙanwarka ko Inna da Hausa. Inda ka ji bakinka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba, nan za ka kai wa malami. Kuma don Allah ku cire kunyar tambaya. Dariyar 'yan aji ta minti ɗaya ce, matambayi kuwa ba ya ɓata. Turancin kansa sai an karanta shi kullum, ko labari ne ko jarida, domin yana cikin kiredit biyar da ake nema kafin a shiga jami'a.

Jiki ma yana da haƙƙi a cikin karatu. A cikin barci ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka zuba mata da rana. Wanda ya kai ƙarfe biyu na dare yana latsa waya a TikTok, ya zo aji yana gyangyaɗi, kada ya ce malami bai iya koyarwa ba. In za ka yi karatu, ajiye wayar a wani ɗaki, ko ka ba Mama ta riƙe maka awa ɗaya. Ka kuma samu abin da ka sa a ciki da safe, ko koko ne da ƙosai, ko ɗumamen tuwo.

A nan zan juya ga samari. Ƙanwarka ta tashi ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ta ɗebo ruwa, ta dawo daga makaranta ta shiga girki, wata ma har da talla, kai kana majalisa, sannan a ce mata ba ta ƙoƙari. Ɗauke mata ɗiban ruwan nan, ka ba ta awa guda ta zauna da littafinta. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura jajoji, wato malamai mata, suna koyar da mata a ƙauyuka, domin ta tashi a gidan da aka ba karatun mace muhimmanci. Ku kuma 'yan mata, duk wadda ta taɓa raka mahaifiyarta asibiti aka rasa likita mace, ta san dalilin da ya sa muke roƙon ku ku dage.

Abokai kuwa, kun san zama da maɗaukin kanwa. In duk majalisarku ba mai zancen littafi sai ƙwallo da wanda zai samo amsa ranar jarrabawa, nemi mutum biyu masu himma ku riƙa yi wa juna tambayoyi. Satar amsa tana ba da takarda, amma ranar da aka miƙa maka allura ko lissafin ginin mutane, ba wanda zai turo maka amsa ta waya.

Shi yaron nan, ban yi masa alkawarin aikin gwamnati ba, domin ba ni da shi. Na ce masa yayansa bai yi asara ba, neman halal yake yi, kuma in dama ta zo gobe, mai ilimi a ka da sana'a a hannu shi zai fara cafke ta. Na ce ya gyara niyya, ya nemi ilimi don ya amfani kansa da iyayensa da mutanen unguwarsu, ya kuma koyi sana'a ranakun Asabar da Lahadi. Sannan na ɗora masa kamar yadda aka ɗora mini allo ina yaro: shafi biyu kacal bayan sallar asuba, ya rufe littafin ya rubuta abin da ya tuna, ya kawo mini.

Ranar Litinin ya kawo, rabi ya zube. Na ce ya koma ya sake, kada ya wuce gaba. Ranar Laraba ya kawo shafi biyun cif, ya kuma tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, akwai wani wuri a shafi na uku da ban gane ba." Na jawo masa kujera muka zauna.