Kafin Ka Shiga Musu, Ka San Me Ya Hana Alfadari Haihuwa?

Ƴan uwana matasa, musamman ɗaliban bayoloji da ku masu zafin hannu a kwament, don Allah ku zo mu yi magana. Duk sanda aka ɗora fosti kan yadda sabon jinsin dabba ko tsiro ke samuwa sai ka ga an yi caa, wannan na zagi wancan na dariya, wani har da rantsuwa, alhali in ka tsare mutum ka ce to mene ne ma jinsin, sai ya hau kame-kame. Ni ma na yi wannan wautar. Ina ɗalibi na haddace babin nan tsaf, ranar nan malaminmu ya tashe ni a aji ya ce me ya hana alfadari haihuwa, wallahi na yi tsuru-tsuru kamar an dasa ni, ashe duk haddar aku nake yi.

Amsar ba wuya. Doki kuromosom 64 gare shi (wato ƴan zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin jiki), jaki 62, ɗansu alfadari ya tashi da 63. Jikinsa garau, ga ƙarfi ga juriya, amma in aka zo haɗa maniyyi ko ƙwai dole kuromosom su jeru bibbiyu kowa da abokinsa, to na doki da na jaki ba sa daidaituwa, sai aikin ya watse. Akan samu alfadara ta haihu jefi-jefi, amma abu ne mai wuyar gaske. Kenan jinin doki ba ya kwarara cikin jakuna, na jakuna ba ya shiga dawaki, akwai katanga a tsakani. Wannan katangar ita masanin bayoloji Ernst Mayr ya gina ma'anar jinsi a kanta a 1942: taron halittu masu haihuwa da juna, waɗanda haihuwa ta raba su da sauran.

Ku lura fa, haihuwa aka ce, ba kamanni ba. Kama da wane ba ta wane. Karnuka wani kamar ɗan maraƙi wani bai fi kyanwa ba, amma duk jinsi ɗaya ne. Mu ma mutane, fari da baƙi, dogo da gajere, ba wata katanga tsakaninmu, don haka mai jawo wannan darasin don ya fifita launinsa a kan na wani bai fahimci ko layin farko ba.

To ya ake yi katangar ke tashi? Wani lokaci ƙasa ce ke raba su, kamar jatan landen da zirin ƙasar Panama ya taso ya raba tsakanin teku biyu kimanin shekara miliyan 3 da suka wuce, yau in an haɗa na wannan teku da na wancan sai dai faɗa. Amma labarin da ya fi tsaya min a rai na wani tsuntsu ne. A 1981 masu aiki da masanan bayoloji Peter da Rosemary Grant a ɗan tsibirin Daphne Major na Galapagos, can cikin tekun Pasifik, suka ga baƙon namiji, ya fi ƴan gari girma, bakinsa ƙato, waƙarsa daban. Daga baya gwajin jini ya nuna daga tsibirin Española ya taso, sama da kilomita 100. Ya samu mace ƴar gari suka hayayyafa, ƴaƴansa maza suka koyi waƙar uba, su kuma matan tsibirin da waƙa da siffar baki suke zaɓen miji, sai suka ƙi kula su. Dole zuri'ar ta koma auren junanta, kuma cikin ƴan shekaru, a gaban idon masu bincike, ta zama dangi mai zaman kansa. Ba dutse ba kogi, waƙa da baki kawai.

Tsirrai kam nasu ya fi sauri, don su sukan ninka kuromosom ɗinsu gaba ɗaya su rayu lafiya lau. An kai wasu ciyayi masu suna Tragopogon daga Turai zuwa Amurka, kowanne kuromosom 12, suka yi barbara tsakaninsu suna ba da irin alfadarin tsiro, sai a 1950 masanin tsirrai Marion Ownbey ya tarar da sababbi guda biyu masu 24 suna ba da iri abinsu, in kuma sun koma ga iyayensu ɗan da za a samu 18 ne, mara haihuwar kirki. Alkamar burodi ma haka ta samu, ciyayi uku masu 14 kowanne suka haɗu a mataki biyu, ta tashi da 42.

Abin da nake roƙonku, ƙannena, ku daina ɗaukar duk wannan a matsayin waccan gardamar ta biri da mutum da kuka saba tsalle a kai, ku karanta abin da aka ƙirga aka gani tukuna, in za a yi musun a yi shi da sani. Ku kuma masu jarrabawa, kar ku haddace "shinge kafin ɗaukar ciki, shinge bayan ɗaukar ciki" ku tsaya nan, kowane shinge, wato katangar nan da muka yi magana, ku nemo masa dabba ko tsiro ɗaya da za ku iya ba da labarinsa da bakinku. Gwada kanka da wannan: akwai wani ƙuda a Amurka da asali a ƴaƴan wata bishiya mai ƙaya yake barbara yana zuba ƙwai, a ƙarni na 19 wasunsu suka koma tuffa, ita kuma tuffa tana rigan waccan nuna da makonni, sai ƙudajenta suka riƙa fitowa da wuri suna haɗuwa a kan tuffar. Har yanzu wasu kaɗan na ƙetarawa su haihu da ɗaya ɓangaren. Jinsi ɗaya ne ko biyu? Kuma wane irin shinge ne wannan? Rubuto min amsarka, ban da kwafowa.