Nasiha ga Iyaye Kirista: Godiyar da 'Ya'yanmu Ke Koya a Bakin Akushi

'Yan'uwana a cikin Almasihu, musamman ku iyaye da Ubangiji ya danƙa wa amanar 'ya'ya, ina gaishe ku da sunan Yesu.

Kowace shekara idan watan Nuwamba ya doshi ƙarshe, masu dangi ko abokai a Amurka sukan ga hotunansu a Facebook da WhatsApp, iyali guda sun kewaye dogon tebur, ga gasasshen talo-talo a tsakiya, ga dankali da masara da wani abin zaƙi da ake yi da kabewa. Ranar Godiya ke nan ta wannan ƙasa, wadda take faɗowa a Alhamis ta huɗu ta watan, kuma mutane sukan yi doguwar tafiya ta mota ko ta jirgi domin kawai su ci abincin ranar a gidan iyayensu. A gidaje da yawa akwai wata al'ada da a ganina ta fi naman daraja, wato kafin kowa ya sa hannu a abinci sai a bi waɗanda ke zaune ɗaya bayan ɗaya, tun daga kaka har zuwa ƙaramin jika, kowa ya ambaci abin da yake gode wa Allah dominsa a wannan shekara.

Wanda ya tsaya ga hoton zai ɗauka bikin masu ƙoshi ne, amma asalinsa ya sha bamban da haka. A shekarar 1620 wani jirgin ruwa mai suna Mayflower ya sauke mutum ɗari da biyu daga Ingila a gaɓar da ake kira Plymouth, cikin jihar Massachusetts ta yau, kuma kafin hunturun farko ya wuce sanyi da yunwa da cuta sun kashe kusan rabinsu. 'Yan asalin ƙasar, al'ummar Wampanoag, su ne suka nuna wa waɗanda suka rage yadda ake shuka masara a wannan ƙasa. Da kaka ta yi a 1621 sai suka yi kwana uku suna ci suna murna tare da sarkin Wampanoag, Massasoit, da mutanensa wajen casa'in. Matan aure huɗu kacal suka rage da rai a cikin baƙin a ranar, don haka yawancin waɗanda suka zauna cin wannan abinci sun binne mata ko miji ko ɗa ko aboki 'yan watanni kafin nan. Gaskiya kuma ta wajabta a faɗi cewa zaman lafiyar bai ɗore ba, domin daga baya an ƙwace ƙasar 'yan asalin an kuma hallaka da yawansu, shi ya sa tun daga 1970 wasu daga cikin jikokinsu suke taruwa a Plymouth a wannan rana su yi ta ranar makoki. Uban da zai ba ɗansa labarin godiya ya ɓoye masa labarin zaluncin da ya biyo baya, ya koya masa rabin gaskiya ne.

Haka ma lokacin da Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana ta a matsayin ranar ƙasa baki ɗaya a ranar 3 ga Oktoba, 1863, Amurka tana tsakiyar yaƙin basasa ne, wata uku kacal bayan gwabzawar Gettysburg inda dubban mutane suka mutu. A cikin sanarwar ya roƙi jama'a su gode, su tuba, su kuma danƙa gwauraye da marayu da masu makoki a hannun Allah. Sai a 1941 Majalisar Dokokin ƙasar ta tsayar da Alhamis ta huɗu a dokance.

Ban kawo wannan tarihi domin mu aro bikin wasu ba. Muna da namu, domin a ikkilisiyoyinmu na ECWA da COCIN da EYN da sauransu, idan aka gama girbi akan keɓe Lahadin godiya, a shigo da damin dawa da buhun masara da doya da kaji, zumuntar mata suna waƙa, iyali bayan iyali suna takawa zuwa gaba da baikonsu. Abin da nake so mu yi tunani a kai shi ne abin da yake faruwa a sauran ranakun shekara, a tsakar gida, inda babu fasto, babu mawaƙa, sai mu da yaranmu da kwanon tuwo.

Harshenmu cike yake da godiya. A tambaye ka ina aiki, ka ce da godiya. A tambaye ka ya gida, ka ce mun gode Allah. Idan aka yi wa yaro kyauta, uwarsa takan taka har gidan mai kyautar ta ce ta ga abin arziki, kuma duk mun san cewa yaba kyauta tukwici. Wannan gado ne mai kyau, sai dai kalmar da baki ya saba da ita tana iya fita ba tare da ta biya ta zuciya ba. Yaro yana jin mahaifinsa ya ce wa maƙwabci "mun gode Allah" a ƙofar gida, sa'an nan ya ji shi ya shigo ciki ya kwashe sa'a guda yana tsinar tsadar kaya da albashin da bai isa ba da ɗan'uwan da ya samu ya manta da shi, kuma yaron ba wawa ba ne, ya san wanne daga cikin muryoyin biyu ne na ainihi.

Akwai wata aya a Littafin Ƙidaya sura 11 da ta daɗe tana damuna. Isra'ilawa sun gaji da manna, abincin da Allah yake saukar musu kowace safiya ba noma ba saye, suka fara tuna kifin Masar da kankana da albasa da tafarnuwa, suka manta cewa a ƙarƙashin bulala suka ci su. Aya ta 10 ta ce Musa ya ji mutanen suna kuka iyali iyali, kowa a ƙofar alfarwarsa. Ashe gunaguni sha'anin iyali ne, a ƙofar gida ake yinsa, kuma yaran da ke zaune a ƙofofin nan suna sauraro. Ni kaina na ɗanɗana wannan. Wata rana da dare na sa ƙaramar 'yata ta yi mana addu'ar abinci, ta rufe ido ta karanto ta tsaf kamar yadda aka koya mata, ta ce amin, ta buɗe kwano ta ga tuwon masara da miyar kuka, sai ta ja tsaki ta ce, "Yau ma?" Na ɗaga murya zan tsawata mata, sai mahaifiyarta ta dube ni ta yi shiru, nan take na tuna cewa kalmar tawa ce, har da tsakin, domin haka na faɗa kwana biyu da suka wuce a kan wannan kwanon. Addu'ar na koya mata da gangan, tsakin kuwa ta ɗauka ba tare da na sani ba, kuma shi ne ya fi zama.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu hanyar gyara, kuma hanyar ita ce tunawa dalla dalla. A Maimaitawar Shari'a sura 26, manomin da ya kawo nunan fari a kwando ba a bar shi ya ajiye ya juya ba, sai da aka umarce shi ya ba da labari a gaban bagade: yadda kakansa ya kasance mai yawo, yadda suka gangara Masar su kaɗan, yadda aka bautar da su, yadda suka yi kuka Ubangiji ya ji, yadda ya fito da su ya ba su ƙasar da wannan hatsi ya fito. A Littafin Firistoci sura 23 an ce su bar ɗakunansu su kwana bakwai a bukkoki kowace shekara domin zuriyarsu ta san inda aka fito. A Joshuwa sura 4 an jera duwatsu goma sha biyu daga Kogin Urdun saboda ranar da yara za su tambaya me duwatsun nan suke nufi. Bahaushe ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma mai bi yana tuna bara ne domin ya gane hannun da ya kawo shi bana.

To, ku iyaye, yaranku sun san labarin gidanku? Sun san shekarar da damina ta yi gardama aka ci abin da aka samu, ko watan da kuɗin makaranta ya gagara sai wani ɗan'uwa a ikkilisiya ya biya bai ko so a ambaci sunansa ba, ko daren da aka kai uwarsu asibiti ba a sa ran za ta kwana ba? Da yawa daga cikinmu muna ɓoye irin waɗannan labarai saboda kunya, muna so yara su ɗauka ƙoƙarinmu ne ya gina gidan, alhali wannan shi ne ainihin abin da Musa ya gargaɗi jama'a a kai a Maimaitawar Shari'a sura 8, cewa idan sun ci sun ƙoshi sun gina gidaje masu kyau kada su ce ƙarfinsu da ikon hannunsu ne suka samo musu dukiyar. Yaron da bai taɓa jin iyayensa sun amsa cewa an taimake su ba, zai girma yana ganin duk abin da ya samu haƙƙinsa ne, kuma mutum ba ya godiya a kan abin da yake gani bashi ne aka biya shi.

Wannan al'ada ta bin kowa ya faɗi abin godiyarsa ba ta bukatar talo-talo, ba ta kuma bukatar a jira Nuwamba. Ana iya yinta a sujadar iyali ta dare, ko sau ɗaya a mako bayan an dawo daga majami'a. Shawarata ita ce kada a yarda da amsar da aka haddace. Idan yaro ya ce yana gode wa Allah domin rai da lafiya, a ce madalla, sa'an nan a tambaye shi me ya faru yau, har ya ce malamarsa ta sake bayyana masa lissafin da bai gane ba, ko yayansa ya ɗauke masa jarkar ruwa. Idan kuma abin godiyar ya biyo ta hannun mutum, a tura yaron ya je ya gode wa mutumin baki da baki. A Luka sura 17 kutare goma ne suka warke, kuma da wuya a ce taran ba su ji daɗi a ransu ba, amma guda ɗaya ne, Basamariye, ya juyo ya faɗi a gaban Yesu, shi ne kuwa Yesu ya tambaya ina sauran taran suke. Maigida ma ya fara da kansa, ya gode wa matarsa a gaban yara domin abincin da ta dafa, domin a gidaje da yawa mai girki ita kaɗai ce ba a taɓa ce wa an gode.

Na san akwai masu karanta wannan da bana ta zo musu da nauyi. Akwai waɗanda rashin tsaro ya raba da gonakinsu, akwai waɗanda suka yi rashi, akwai waɗanda mudun hatsi ya fi ƙarfinsu. Ba na ce ku yi wa yaranku murmushin ƙarya ba. Manzo Bulus a 1 Tasalonikawa 5:18 cewa ya yi a yi godiya a cikin kowane hali, kuma mai makoki yana iya kuka ya kuma gode a addu'a guda, kamar yadda Zabura take yi sau da dama. Annabi Habakuk ya lissafa asararsa ɗaya bayan ɗaya, ɓaure bai yi toho ba, inabi da zaitun ba su ba da 'ya'ya ba, gonaki babu amfani, garke babu tumaki babu shanu, bai rage komai ba kafin ya ce duk da haka zai yi murna da Ubangiji. Bulus kansa ya ɗauki gurasa ya yi godiya a gaban mutum 276 a cikin jirgin da guguwa ta yi kwana goma sha huɗu tana jifa da shi, Ubangijinmu kuma ya yi godiya a kan gurasa a daren da aka bashe shi. Yaron da ya ga mahaifiyarsa ta sunkuyar da kai ta gode a kan kunu ranar da babu tuwo, ya ga abin da wa'azin shekara goma ba zai nuna masa ba.

Akwai kuma abin da ya kamata mu yi hattara da shi. A Amurka, washegarin Ranar Godiya ita ce Juma'ar da shaguna ke karya farashi, mutanen da jiya suka ce abin da suke da shi ya ishe su sai ga su da asuba a layi suna rububin sabon kaya. Kada mu yi musu dariya, domin mu ma Lahadin godiyarmu takan koma gasar anko da gasar wanda buhunsa ya fi yawa, har iyalin da ba su da abin kawowa su gwammace su zauna a gida don kunya, alhali Yesu ya yabi gwauruwar da ta saka anini biyu fiye da masu arzikin da suka zuba da yawa. Manomin nan na Maimaitawar Shari'a sura 26 an umarce shi ya yi murnarsa tare da Balawe, wato mai hidima a ɗakin sujada, da baƙon da ke zaune a cikinsu. Saboda haka a bana, kafin ku ɗauki baikonku zuwa majami'a, ku zaunar da yaran ku ba su labarin yadda shekarar ta kasance, da wahalarta da taimakon da aka samu da sunayen waɗanda Allah ya yi amfani da su. Idan an dawo an sauke tukunya, a fara zuba kwanon gwauruwar da ke maƙwabtaka da ku ko iyalin da suka yi gudun hijira zuwa unguwarku, ko Kirista ne ko Musulmi, a ba yaron ya kai da hannunsa, ya durƙusa ya gaishe su, sa'an nan ya dawo a buɗe na gida.