A jefa dayis sau ɗaya, a bar mu mu yi wasa

Wallahi abin nan ya ishe ni. Duk daren Asabar muna zama wasan Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari, amma mai jan ragamar wasanmu ya ƙirƙiro sabon salo: kowane zagaye na faɗa sai kowa ya sake jefa dayis mai fuska 20 don a san wa zai fara. Mu shida ne, ga dodanni. A jefa, a haɗa lissafi, a goge jeri, a sake rubutawa. Zagayen da a cikin labarin daƙiƙa 6 ne kacal, sai ya cinye mana minti goma!

Wai don kada faɗa ya zama abin da ake iya hasashe. To, bugu na biyar na dokokin wasan da ya fito a 2014 sau ɗaya ya ce a jefa, a farkon faɗa, kuma da dalili. Tsafe-tsafe da yawa suna aiki ne har zuwa lokacin da layi ya sake zagayowa kanka, in jeri ya sauya sai tsawon aikinsu ma ya sauya. Makon jiya dodo ya zo na ƙarshe, a zagaye na gaba ya zo na farko, ya make ni sau biyu a jere, mai warkarwarmu ko motsi bai samu ya yi ba. Jarumin da na shafe wata huɗu ina renonsa ya mutu a banza. Haba!