Ranar da Na Wanke Shekara 200 da Tsamiya

A gidanmu na Zariya, macen da tasarta ba ta ƙyalli ba ta da bakin magana a cikin mata. Da wannan tarbiyyar na biyo maigida zuwa Lankasta ta jihar Fensilbeniya a Amurka, inda muka kama hayar saman bene a gidan wani dattijon Bature da matarsa ta rasu. Baba nake ce masa, shi kuma har yau ya ɗauka laƙabi ne na raɗa masa.

A falonsa, saman murhun jin ɗumi, akwai wata bindiga a rataye, ta kusa kamo ni tsawo. Irin mai ƙyastu ce: dutsen ƙanƙara ya daki ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushi. Ina ganinta na ce wannan ai harba-ka-ruga ce irin ta maharban ƙauyen kakata, sai dai ita an yi mata kwalliya, kwalliyar kuma ta sha dauɗa.

Baba ba ya gajiya da ba da labarinta. Ya ce ana kiran irinta bindigar Kentaki, sunan wata jiha daban, amma maƙera 'yan asalin Jamus ne suka fara ƙera ta a nan yankin Lankasta, tun kafin Amurka ta sami 'yanci a 1776. Ya nuna mini sassaƙar ganye mai lanƙwasa a jikin ƙotar, da tauraron azurfa mai tsini 8 daidai inda maharbi ke ɗora kunci, da wani ɗan akwatin tagulla mai murfi a gefen gindinta. Ni na ɗauka ma'ajiyar goro ce. Ashe 'yan ƙyallaye masu maiƙo ake zubawa ciki, waɗanda ake naɗe harsashin dalma da su kafin a ɗura. Ina jin ya faɗi wasu abubuwan ma, amma hankalina yana kan miyar da na bari a wuta.

Rannan ya tafi Ohayo wurin 'yarsa na kwana 3, ya bar mini makulli in riƙa ba furanninsa ruwa. Na shiga, na ɗaga kai, muka yi ido huɗu da tagullar nan. Ta yi baƙi-baƙi, ta yi kore-kore a lunguna. Tausayi ya kama ni. Na ce Allah sarki, gidan da babu mace! Na haura na jiƙa tsamiyar da nake ta tattali, na ɗebo toka a murhunsa, na yi bisimilla na sauko da bindigar, na juya bakinta bango don ban yarda da ita ba.

Wallahi na yi aiki. Kafin la'asar akwatin nan ya zama madubi, har na gyara ɗaurin ɗankwalina a jikinsa. Zanen da aka yi masa da bakin ƙarfe ya fito raɗau. Sai na koma kan katakon, mai zane-zane kamar jikin kyanwa, da zaton ƙonewa ce ko tsohon maiƙo. Na fara gogawa ke nan maigida ya dawo daga makaranta.

"Maman Amira, me kike yi haka?"

"Ladan maƙwabtaka nake nema."

Ya zauna a ƙasa. Bai ma nemi kujera ba. Da ƙyar ya iya yi mini bayani cewa masu tara irin waɗannan bindigogi baƙin nan suke saye, shi ne shaidar tsufa, wanda ya goge shi ya goge kuɗi. Zanen katakon kuma halittar icen ne, wani nau'in maful mai zane a murɗe, maƙera su shafa masa ruwan asid da aka narka ƙarfe a ciki, su gasa da zafi har zanen ya fito. Na ce to wa ya taɓa jin an sayi tsatsa? Ya ce in yi shiru.

Daren nan mun gwada komai. Na shafa ruwan shayi, na turara ta da turaren wuta. Ba ta yi baƙi ba, sai ƙamshin ɗakin amarya da ta ɗauka.

Da Baba ya dawo ya daɗe tsaye a gabanta, ya cire tabarau, ya mayar, ya shinshina iska. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni ce." Ya sauke ajiyar zuciya ya ce ya gode wa Allah da ba ta Jacob Dickert ba ce, shahararren maƙerin garin da ya rasu a 1822, don da sunansa ne a saman bututun da yanzu ana neman motar asibiti. Sannan ya ce kada in damu, za ta sake yin baƙi da kanta.

Na ce, "Zuwa yaushe, Baba?"

Ya ce nan da kamar shekara 200.

Bakina ya riga ni, na ce, "Allah ya kai mu."

Washegari da safe na buɗe ƙofa, na tarar da tukwanensa 6 jere a kan matakala, da ledar tsamiya sabuwa a kai.