Ba ƙudan zuma kaɗai ke wannan aiki ba

Na karanta wani rahoto da ke cewa amfanin itatuwa masu 'ya'ya da ƙwallo a ciki, irin su almon da ceri, ya dogara ne ga ƙudan zuma, kuma na yarda, sai dai an taƙaita dalilin. Yawancin nau'o'in almon, har da Nonpareil da ya fi yawa a jihar Kaliforniya ta Amurka, ba sa yin 'ya'ya da garin furensu, sai ƙwaro ya kwaso shi daga wani nau'i dabam, shi ya sa ake shuka nau'i biyu ko uku layi-layi a gona ɗaya. A watan Fabrairu ana jigilar amya kimanin miliyan 2 a manyan motoci zuwa gonakin almon na Kaliforniya, wasu tun daga jihar Florida, ana ajiye kusan biyu a kowace eka, domin Kaliforniya ce ke samar da kusan kashi 80 cikin 100 na almon ɗin duniya.

Abin da rahoton ya tsallake shi ne, ƙudan zuma ba ya son fita idan gari ya yi sanyi ko hadari, alhali furen kwanaki kaɗan yake yi a buɗe, kuma a irin wannan rana dangin ƙudan zuma na daji da ba sa yin zuma, irin su Osmia, su ne ke ci gaba da aiki. Ko a wajenmu, wanda ya tsaya ƙarƙashin mangwaro yana fure zai ga ƙudajen da muka saba gani sun fi yawa a kansa, kuma feshin maganin ƙwari a lokacin fure yana kashe su.