Suna Linzami Ne, Har a Cikin Manhaja

Ƙannena masu rubuta manhaja, a makon jiya aka kawo mini manhajar wani shago da wani matashi ya rubuta, aka ce in duba dalilin da ya sa odar abokan ciniki ke ɓacewa. Da na buɗe fayil ɗin na tarar da fankshin, wato guntun manhaja mai yin aiki guda, fiye da arba'in, kuma babu wanda sunansa ya haura harafi biyar: prc, upd, chk, calc, calc2, sai wani wai shi del. Wanda ya gaji aikin ya ɗauka del na nufin deliver, wato a kai kaya, alhali mai rubutun delete yake nufi, wato a goge. Saboda haka duk lokacin da yaron shago ya danna cewa an kai kaya, sai odar ta shafe gaba ɗaya. Na kira marubucin a waya na tambaye shi ko prc price ne, wato farashi, ko process, wato sarrafawa, ya yi shiru, daga bisani ya ce sai ya duba. Wata huɗu kacal ke nan da ya rubuta abin da hannunsa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne uzurin da ya kawo, wai ai haka manya suke yi, in dubi sunayen fankshin irin su strcpy da malloc da atoi a harshen rubuta manhaja na C. To, ku saurara. Waɗancan mutanen dole ce ta sa su. A FORTRAN 77, wani tsohon harshen rubuta manhaja, suna ba ya wuce harafi shida, shi ya sa har yau fankshin ɗin ninka jadawalin lambobi a BLAS, wani kundin fankshin na lissafi, yake amsa sunan DGEMM. Ƙa'idar C ta shekarar 1989 ma haruffa shida na farko kawai ta lamunta za a bambance a sunan da ake kira daga wani fayil, sai a 1999 aka ɗaga zuwa 31. Ga shi kuma a kan Teletype suke bugawa, na'urar da ke fitar da harafi goma a daƙiƙa. Duk da haka, da aka tambayi Ken Thompson, ɗaya daga waɗanda suka ƙirƙiro Unix, babbar manhajar sarrafa kwamfuta, abin da zai canza in da zai sake tsara ta, cewa ya yi zai ƙara wa fankshin ɗin creat harafin e da ya bari, ya zama create. Harafi ɗaya tak ya tsaya masa a rai, ku kuwa kuna zubar da rabin kalma ba tare da wani ya tilasta muku ba.

Wace na'ura ce ta takura ku yau? Editan da kuke rubuta manhaja a cikinsa, da kun buga harafi uku yake cika muku sauran. Ganda ce kawai da son a ce an ƙware. Ita ce dai ɗabi'ar da ta sa kuke tura wa sa'an mahaifinku slm da ykk da ngd, ta biyo ku har cikin sana'a. Sauri kan haifi nawa: daƙiƙa biyun da ka tsira da su wajen rubuta chk, wani ɗan'uwanka zai biya su da wuni guda yana lalube. Chk ɗin me? Kuɗi ne ake dubawa, ko kalmar sirri, ko ragowar kaya? Shi kuma calc2, me ya raba shi da calc? Suna linzami ne, kuma fankshin da ba a raɗa masa suna na gaskiya ba, kowa inda ya ga dama zai ja shi.

Ban ce ku mai da suna jimla ba, kuma amfani da harafin i a matsayin suna a cikin ɗan gajeren zagaye, wato umarnin da ke maimaita kansa, ba laifi ba ne. Ku dai sa wa abu sunan aikinsa.

Na da, ko sun gajarta suna, sukan zauna su rubuta bayaninsa. Tun 1971 Unix yake da littafin jagora mai shafi-shafi. Waɗanda suka koya mana kuwa sai sun bi aikinka layi-layi, su mayar maka da shi saboda suna ɗaya da bai fito ba. Yanzu a kwafo daga intanet, a liƙa, a karɓi kuɗi, a kashe waya. Mai shagon nan kwana biyu ya yi da littafin rasiti a gabansa, yana sake shigar da odar da ta goge ɗaya bayan ɗaya.