Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi a laburaren jami'armu

Wallahi jiya Talata na fito daga laburaren makarantarmu jikina yana rawa don baƙin ciki. Har na iso gida Agege, a nan Legas, na yi magariba, aka ajiye min abinci, maganar mutumin nan ba ta bar kunnena ba. Shekara ta huɗu ke nan ina fama da digiri na biyu da aka ce mana na shekara biyu ne, ina haɗiye wulaƙanci iri-iri. Wannan karon tura ta kai bango.

Ina idar da sallar asuba na fita. Danfo zuwa Oshodi, daga nan wata motar, ga cunkoso, ga kwandasta yana zagin wanda bai zo da canji ba. Kowa ya san dalilin sammakon: ka wuce ƙarfe tara, babu kujera, balle wadda ke kusa da soket. Na bi ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya. Na ajiye jakata a bakin ƙofa, ƙarƙashin takardar da ke cewa in ta ɓace ba ruwansu. Na nuna katin shaida. Gorar ruwana ma a waje na bar ta, duk da zafin da ake yi. Na kashe ƙarar waya, na hau sama, na samu wuri a bakin taga.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na tashi zuwa azahar. Na ɗauki kwamfutata, na bar caja da littattafan laburare biyu da littafin da nake rubuta babi na uku a ciki da hannu. Alwala da salla da dawowa ba su ci minti 25 ba. Ina dawowa na tarar da wani a kujerar, teburin fes. Kayana suna can ƙasa, jingine da kwandon shara. Littafin rubutun a buɗe yake, da sawun takalmi shimfiɗe a tsakiyar shafi, daidai kan jadawalin da na kwana uku ina haɗawa.

Na tsince su, na kaɗe, na nufi teburin ma'aikacin da ke kula da hawan. Yana zaune daidai ƙarƙashin allon da aka rubuta a yi shiru, yana kallon bidiyo a waya, sautin yana fita tar, ga ƙullin gyaɗa a gabansa yana ɓarewa. Da Turanci muka yi maganar, amma ga yadda ta kasance.

Na ce, "Oga, sannu da aiki. Don Allah wa ya kwashe kayan da ke teburin can?"

Bai ɗago ba. Na jira. Na sake maimaitawa, murya ƙasa-ƙasa saboda masu karatu. Sai ya ɗaga min yatsa ɗaya, wato in dakata. Na dakata har bidiyon ya ƙare, har ya yi dariyarsa, ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. Sannan ya dube ni tun daga hula har takalmi.

Ya ce, "Ka iya karatu?"

Na ce na iya.

Ya nuna bango da haɓa. "To karanta lamba ta shida. Ba a kama kujera."

Na ce, "Na san dokar, kuma ban yi musu ba. Salla na je. In an ba wani kujerar, ba komai. Abin da nake tambaya, me ya sa aka zubar min da takardu a ƙasa? Ga tebur ɗinka, ga keken kwashe littattafai."

Sai ya ɗaga murya yadda duk zauren zai ji. "Aboki, nan ba kasuwar Mile 12 ba ce da za ka baza tumatir ka tafi yawo ka dawo."

Kawuna suka ɗago. Wasu suka yi murmushi, wasu suka sunkuyar da kai. Na ji wuyana ya ɗau zafi, amma na daure. Na nuna masa kujeru uku a layin gaba, ɗaya da hankici, ɗaya da jarida, ɗaya da murfin biro kawai, tun safe babu wanda ya zauna a kansu. Na ce, "Waɗancan fa?"

Ya ce, "Waɗancan na san masu su." Ya miƙo hannu. "Ka ƙara kalma ɗaya in karɓe katin nan, in ga wanda zai sa maka hannu ranar da za ka gama."

A nan na yi shiru, kuma shirun nan ne yake cina har yanzu. Ya san inda ya kama ni. Babu ɗalibin da ke karɓar sakamako sai laburare ya sa hannu cewa ba a bin sa littafi ko tara.

Aboki. Kalmarmu ce, mai daɗi, wadda muke kiran wanda muka amince da shi. A garin nan an mayar da ita sandar dukanmu. A Agege aka yanke cibiyata, kakana fataucin goro ne ya kawo shi tun ana loda shi a jirgin ƙasa zuwa Kano, Yarbanci kuwa ina jin sa kamar Hausa. Tumatirin da ya goranta min, da shi kawuna ya biya min kuɗin rajista, kuma shi ne a miyar da mutumin zai ci in ya koma gida. Wane laifi hulata ta yi da har za a tambayi ɗalibin digiri na biyu ko ya iya karatu?

Kada wani ya ce ƙin doka nake yi. Ni mai goyon bayan dokokin laburare ne, har da wadda aka kama ni da ita. Na sha buɗe littafi in tarar an yanke babi guda da reza. Na san masu ɓoye littafi a kantar da ba tasa ba lokacin jarrabawa don kada wani ya samu. Akwai masu amsa waya suna raɗa da ta fi ihu damuwa, da masu manna cingam a ƙarƙashin tebur, da masu ja wa littafin jama'a layi da jan biro, da samari da 'yan mata da suka mayar da lungun mujallu wurin zance. Duk a hukunta su. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dokar da ta hana ni shiga da ruwa ita ta hana shi cin gyaɗa. Dokar da ta kashe ƙarar wayata ba ta ce tasa ta yi ta kuka ba. In lamba ta shida ta hau kan littafina, ta hau kan hankicin can ma.

Sannan ina dokokin da suka hau kan laburaren shi kansa? Tun 1931 masanin nan ɗan Indiya, Ranganathan, ya shimfiɗa ƙa'idoji biyar da duk mai koyon aikin laburare yake haddacewa. Ta farko ta ce littattafai don amfani aka yi su, ta huɗu ta ce a tattala lokacin mai karatu. Mu kuwa ka duba kundin sunayen littattafai ka ga littafi yana nan, ka je kanta babu shi, ka tambaya a ce ka dawo gobe. Mafi sabunta a fannina an buga shi tun ina sakandare. Banɗaki a kulle. Intanet sai dai ka ga sunansa a waya. A ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gumi yana ɗiga a kan takarda, a ce babu man janareto. Ka makara kwana ɗaya wajen maido da littafin aro, tara tana jiranka. Ranar da na biya kuɗin mota huɗu na zo na tarar da ƙofa a rufe babu sanarwa, wa ya biya ni?

Na san albashin mutumin nan ba ya kai shi tsakiyar wata. Hakan bai wanke shi ba, amma ruwa ba ya tsami banza, kuma daga sama tsamin ya taho. Gwamnatin da ta sa hannu a yarjejeniya da ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, a 2009 ta bar ta tana shan ƙura, har aka rufe jami'o'i saboda yajin aiki kusan wata tara a 2020, aka sake rufewa daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022. Wata takwas na rayuwata ke nan, ina zaune a shagon kawu ina ƙirga kwanduna. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kuɗin danfo ya bi ta. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit, jami'o'i suka fara kukan ba za su iya biya ba, mu ne muke zama cikin duhun. Kason ilimi a kasafin kuɗin tarayya shekara da shekaru ba ya kai kashi 10 cikin ɗari. Ana ce mana akwai TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, an ɗaga harajin ilimi zuwa kashi 3 a 2023, har da kaso na musamman don bunƙasa laburare. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Ni dai a ƙasa takarduna na gani. Masu raba kuɗin nan 'ya'yansu suna Ingila da Kanada, inda ba wanda zai tambaye su ko sun iya karatu.

Mu ma jama'a da namu. Duk wanda aka damƙa wa ɗan makulli ko hatimi sai ya zama sarki a kan wanda ya fi shi rauni. Ɗalibai sun fi hamsin a zauren nan, sun ji komai, babu wanda ya ce uffan, don kowa yana tsoron ranar sa hannunsa. Da na sauko, dattijon da ke gadin jakunkuna, mutumin Sakkwato, ya ga fuskata ya ce, "Malam, yi haƙuri, karatu ka zo yi." Na ce, "Baba, na gode, amma haƙurin nan ne ya sa suka raina mu." Ya miƙo min jakata bai ƙara cewa komai ba.

Daren jiya babu wuta a layinmu, da fitilar waya na sake kwafe shafin da aka taka, saboda ranar Alhamis malamin da ke duba aikina yake son ganin babin. Asalin shafin kuwa ban yage shi ba. Na rubuta takardar koke, na haɗa da hotonsa, sawun takalmin ya fito raɗau. Akwatin koken da ke bakin ƙofa kwaɗonsa ya yi tsatsa, ba zan jefa a ciki ba. Gobe da safe da hannuna zan kai ta ofishin shugaban laburaren, da hulata a kaina, kuma sai an buga min hatimin karɓa a kwafina zan sauko.